Masu Ɗaukar Hoton Kumbo Daga Tsakar Gida: Wasa Ne Ko Aiki?

Duk mai gadin da ya daɗe yana kwana a ƙofar gidan wani a Ikoyi ko Apapa, da mai shayin da ke hura wuta tun kafin assalatu a Agege ko Sabon Badun, ya san wata tauraruwa wadda ba ta zama wuri ɗaya. Takan ɓullo jim kaɗan bayan magariba, ko kuwa gab da asuba, fara fat, wani sa'in haskenta ya yi kusa da na Zara. Ba ta ƙyafta ido kamar fitilar jirgin sama, ba ta kuma da ƙara. A natse take ratsa sama cikin minti huɗu ko biyar, wata rana ma tana tsakiyar tafiya sai ta dushe ta ɓace kamar an hure ta. Waɗansu su ce jirgin leƙen asiri ne, waɗansu su ce iskoki ne, waɗansu kuwa su yi a'uziyya su kau da kai.

To, gida ne, kuma da mutane a ciki. Ita ce Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda Amurka da Rasha da Japan da Kanada da ƙasashen Turai suka haɗa gwiwa suka gina. An harba ɓangarenta na fari a watan Nuwamba na 1998, kuma tun daga ranar 2 ga Nuwamba, 2000, ba a taɓa wayar gari babu 'yan sama jannati a cikinta ba. Faɗinta mita 109, wato ta ɗara filin ƙwallo kaɗan, nauyinta kuwa ya haura tan 400. Tana can sama da nisan kilomita 400 ko kusa da haka, tana gudun kilomita 28,000 a sa'a guda, ta kewaye duniya cikin minti 93. Tsakanin Ikko da Kano, inda tirelar shanu ke shan wahalar kwana biyu a hanya, ita kusan minti biyu ya ishe ta. Hasken da ake gani a jikinta na rana ne: ƙasa ta riga ta yi duhu, amma can inda take rana ba ta faɗi ba tukuna. Da zarar ta shiga inuwar duniya sai ta dushe, wannan shi ne ɓacewar da ke ba mutane tsoro.

Abin da ya kawo wannan magana shi ne, akwai waɗansu mutane a ƙasashen Turai da Amurka da Asiya waɗanda ganin ɗigon haske bai ishe su ba. Su ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ba kuwa wanda ke biyansu ko sisi. Da kuɗin aljihunsu suka sayi madubin hangen nesa, suka ɗaura masa kyamara, suka kafa shi a tsakar gida ko a kan soro, suna ɗaukar hoton wannan tasha da sauran kumbuna har a ga siffarsu: ga fukafukan da ke tatsar hasken rana, ga ɗakunan kwana da na aiki, ga kumbon da ya kawo kaya yana manne a jiki. Mutane da yawa da suka ji labarin sukan yi dariya su ce aikin wanda ya ƙoshi ne, ya rasa abin yi. Wannan hukunci akwai gaggawa a cikinsa, kuma mutanen Arewa mazauna Kurmi, musamman masu 'ya'ya a makaranta, ya kamata su sake dubansa.

Da farko ma dai aikin ba sauƙi gare shi ba, kuma sai an san wahalarsa sannan a san darajarsa. Abu mai faɗin mita 109 a nisan kilomita 400, daidai yake da a ajiye goro guda a ƙarshen filin ƙwallo ɗaya da rabi a ce wa mutum ya faɗi ko fari ne ko ja, ya kuma ƙidaya tsagar da ke jikinsa. Da a ce goron yana zaune wuri ɗaya da an samu sauƙi, amma gudu yake. Madubin da aka saita don kallon wata ko taurari, cikin ƙiftawa da bisimilla tashar take shiga cikinsa ta fice. Saboda haka mai ɗaukar hoto yakan sa idonsa a wani ƙaramin madubin saiti da ke goye a bayan babban, ya riƙa tura bututun da hannu yana bin ɗigon, kamar yadda maharbi ke bin tsuntsu a sama, ita kuwa kyamara tana ta ɗaukar hoto mai motsi ba tsayawa. Dole kowane hoto ya ɗauku cikin kashi ɗaya daga dubu na daƙiƙa ko ƙasa da haka, in ba haka ba sai ya fito a shafe. Idan aka gama, a cikin hotuna dubu biyu ko uku, mafi yawa baƙi ƙirin ne ba kome a ciki, don hannu ya kauce. Waɗanda tashar ta faɗa ciki kuma, galibi a karkace suke, domin iskar da ke tsakanin ƙasa da sama tana rawa kamar kawalwalniyar da ke tashi a kan kwalta da tsakar rana. Sai a zauna gaban kwamfuta a yi ta tsinta, in an yi sa'a a sami goma masu kyau. Madubi mai faɗin baki santimita 25, idan sama ta yi tsaf, yana iya rarrabe abin da girmansa ya kai mita ɗaya ko biyu a wannan nisa.

Da irin wannan madubi ne, mai santimita 25, wani mutumin ƙasar Holan mai suna Ralf Vandebergh ya yi abin da ya ba masana mamaki a watan Maris na 2009. Da hannu yake bin tashar, ba da inji ba, sai ga shi ya kamo ɗan sama jannatin Amurka Joseph Acaba yana wajen tashar yana aiki. Ɗan farin ɗigo ne kurum a jikin ƙarfe, amma da aka gwada lokacin da aka ɗauki hoton da wurin da mutumin yake aiki a wannan sa'a, sai abin ya yi daidai. Shekara 13 bayan haka, ran 23 ga Maris, 2022, wani Bajamushe, Sebastian Voltmer, ya maimaita irin wannan da madubi mai santimita 28, ya ɗauko 'yan sama jannati biyu, Matthias Maurer da Raja Chari, suna gyara a waje. Abin daɗin ji shi ne daga garin Sankt Wendel ya ɗauki hoton, wato mahaifar shi Maurer ɗin. Ɗan gari yana rataye a sama, wani yana ƙasa a garinsu yana kallonsa.

Akwai kuma wata dabara da ta fi wannan tsanani, wadda wani injiniya Bafaranshe, Thierry Legault, ya yi suna a kanta. Maimakon ya bi kumbo da dare, sai ya yi lissafin wuri da daƙiƙar da kumbon zai gifta ta gaban rana, ya je ya tsaya can ya jira. Giftawar ba ta cika daƙiƙa ɗaya ba, kuma zirin ƙasar da za a iya ganinta daga cikinsa 'yan kilomitoci ne kawai, in mutum ya kauce ya yi asarar tafiya. A watan Mayu na 2009 ya je Fulorida ya ɗauki kumbon Atlantis tare da madubin Hubble suna gifta rana, lokacin da 'yan sama jannati suka je gyaran madubin. Ran 4 ga Janairu, 2011, ya tashi takanas daga Faransa zuwa ƙasar Oman, don lissafi ya nuna masa a can ne tashar za ta ratsa fuskar rana a daidai lokacin da ake husufi. Ya samu kuwa: ga wata ya ci gefen rana, ga tashar kamar ɗan ƙwaro a ɗaya gefen. Tafiyar dubban kilomitoci saboda abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba! Wanda ya ce wannan hauka ne ba za a yi masa dogon musu ba, sai dai a tuna masa cewa mahaukaci ba ya iya irin wannan lissafi.

Yanzu wani zai ce, to, an ji, sai me? Mutumin da ke fama da kuɗin hayar ɗaki a Idi-Araba, ga kuɗin makarantar yara, ga na aikawa gida, ina ruwansa da hoton kumbo? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba wanda zai ce wa mai tura baro a Mile 12 ya bar abincinsa ya sayi madubi. Amma jama'a ba mutum ɗaya ba ce. Cikin Hausawan Kurmi akwai manyan 'yan canji da dillalan shanu da masu motoci, akwai ƙungiyoyin kasuwa masu asusu, akwai makarantun da al'umma ta gina da guminta. Maganar da su ake.

Amfani na kusa shi ne na kawar da musu. Tun da aka ce Ba'amurke ya taka wata a 1969 ake gardama a zaure da tashar mota, har yau kuwa ba ta mutu ba. Akwai dattawa masu hankali da ke cewa duk ƙaryar Nasara ce, a ɗakin shirya fim aka yi. Wayar hannu ma ƙara wa gardamar wuta ta yi, don yanzu kwamfuta tana iya ƙirƙiro hoton abin da bai taɓa faruwa ba, har mai shakka ya sami hujjar ƙin yarda da kowane hoto. Ba laifi ba ne mutum ya ƙi gaskata abin da bai gani ba, musamman idan mai ba da labarin ya sha yi masa ƙarya a wasu al'amura. Maganin abin shi ne a ba shi hanyar gani da kansa. Idan malamin makaranta ya ce wa yara ran Talata da ƙarfe bakwai da minti goma sha biyu haske zai fito daga kudu maso yamma ya nufi arewa maso gabas, aka fita aka tsaya, ya kuwa fito a kan minti, sannan aka nuna musu hoton da ɗan ajinsu ya ɗauka da fukafukai a jiki, to gani ya kori ji. Yaron da ya ga haka ya koyi abin da allo ba ya iya koya masa, wato lissafin da yake ƙi a aji yana faɗin abin da zai faru a sama kafin ya faru. Ba shi kuma bukatar ya yarda da Amurka ko Rasha, da agogonsa zai yarda.

Amma amfanin da ya fi girma yana wajen sa ido a kan masu mulki, kuma a nan ne tarihin abin ya fi daɗi. Manyan ƙasashe sun so ƙwarai a ce sama tasu ce su kaɗai, abin da suka ga dama su faɗa, abin da suka ga dama su ɓoye. 'Yan sha'awa ne suka hana su sakat. Tun lokacin da Rasha ta harba Sputnik ran 4 ga Oktoba, 1957, manyan kyamarorin da Amurka ta yi shirin kafawa ba su gama haɗuwa ba, sai da ta dogara ga talakawa 'yan sa-kai masu ƙananan madubai, cikin wani shiri mai suna Moonwatch wanda masanin taurari Fred Whipple ya kafa a 1956, ya kuma ci gaba har 1975. A 1966 kuwa wani malamin kimiyya a makarantar sakandare ta garin Kettering a Ingila, Geoffrey Perry, shi da ɗalibansa, suna sauraron kumbunan Rasha da tsohuwar rediyo, sai suka lura wani kumbo mai suna Cosmos 112 ya bi hanyar da ba ta yi kama da ta waɗanda ake harbawa daga Baikonur ba. Suka bi sawu da fensir da taswira har suka gano Rasha tana da wani filin harba kumbo na asiri can arewa, a Plesetsk. Gwamnatin Rasha ba ta amsa akwai wurin ba sai a 1983. 'Yan makaranta ke nan suka tona asirin da ƙasa mai makaman ƙare-dangi ta rufe. Su da kunne suka yi aiki, ba da madubi ba, amma sana'ar ɗaya ce.

Ba a daina ba har yanzu. A watan Nuwamba na 2011 Rasha ta harba kumbon Fobos-Grunt da nufin zuwa wani ƙaramin wata na duniyar Mars, injinsa ya ƙi tashi, ya maƙale yana kewaya duniya, hukuma kuma ta yi ta ƙumbiya-ƙumbiya. Vandebergh da Legault suka ɗauko hotunansa daga ƙasa, duniya ta ga siffarsa da inda ya sa gaba, kafin ya faɗo tekun Fasifik ran 15 ga Janairu, 2012. A watan Janairu na 2018 wani mutumin Kanada, Scott Tilley, yana laluben wani kumbon asiri na Amurka da rediyonsa, sai ya ji muryar kumbon IMAGE, wanda hukumar NASA ta yanke ƙauna da shi tun Disamba 2005. Masu abu sun haƙura shekara 12, wani a gidansa ya gaya musu yana nan da rai. A ƙarshen Agusta na 2019 kuma shugaban Amurka Donald Trump ya wallafa hoton wani filin harba roka na Iran bayan hatsari ya auku a wurin, bai faɗi abin da ya ɗauki hoton ba. Kafin a je ko'ina 'yan sha'awa, cikinsu har da Marco Langbroek na Holan, suka duba inuwar da ke cikin hoton da kusurwar da aka ɗauke shi, suka gwada da hanyoyin kumbunan leƙen asiri da suka daɗe suna bi, suka ce kumbo USA 224 ne. Amurka ba ta buga hanyar wannan kumbo a takarda, su suka auna ta da kansu dare bayan dare.

Ina Nijeriya a cikin wannan? Tana da dukiya a sama, da kuɗin jama'a aka saye ta. An kafa hukumar sararin samaniya ta ƙasa a 1999. Tauraron ɗan'adam na fari, NigeriaSat-1, a Ingila aka ƙera shi, aka harba shi a watan Satumba na 2003, kuma daga ina? Daga Plesetsk ɗin nan da yaran Kettering suka tona. A watan Mayu na 2007 aka harba na sadarwa, NigComSat-1, daga ƙasar Sin, aka yi ta murna, sai ga shi a Nuwamba 2008 wutarsa ta ɗauke saboda fukafukansa sun sami matsala. Da farko aka ce an kashe shi ne don a yi gyara, daga baya ta tabbata ya tafi ke nan, sai a Disamba 2011 aka harba madadinsa. A Agusta na wannan shekara ta 2011 an kuma harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, na biyun injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi bayan sun sami horo a Ingila. A duk wannan tafiya, abin da talaka ya sani game da waɗannan kayayyaki shi ne abin da mai magana da yawun hukuma ya gaya masa. Ba a ce ƙarya ake yi ba. Amma wanda ya ba da kiwo ya kamata ya iya zuwa ya ƙirga dabbobinsa da idonsa.

A nan dole a faɗi gaskiya, kada a yi wa mai karatu romon baka. Taurarin sadarwa irin NigComSat suna can nisan kilomita 36,000, wato kusan ninki 90 na nisan tashar, kuma ba madubin tsakar gida da zai nuna fiffiken da ya lalace a can. Su NigeriaSat ma, ko da yake kilomita 700 ne ko kusa, ƙanana ne ainun, ɗigo kaɗai za a gani. Sai dai ɗigon ma yana magana. Wanda ya iya yana gane ko tauraro na nan a gurbinsa ko ya fara zamewa, kuma idan haskensa yana ƙaruwa yana raguwa a kai a kai, alama ce yana wulwulawa ba mai riƙe da linzaminsa. Wanda ya haɗa da rediyo yana jin ko yana magana ko ya yi shiru. Irin wannan ilmi ba a fara shi daga sama, daga bin babbar tasha mai sauƙin gani ake farawa.

Kada kuma wani ya ce wannan harka baƙuwa ce a ƙasar nan. Lokacin da Amurka ke shirin tura mutum ya kewaye duniya, ta kafa tashoshin bin sawu a wurare daban-daban, ɗaya daga ciki a Kano take. Ran 20 ga Fabrairu, 1962, da John Glenn ya ratso ta samaniyar Afirka, ya gaya wa ma'aikatan tashar Kano yana hangen ƙura ta tashi a ƙasa, suka amsa masa cewa ai mako guda ke nan ana iska mai ƙarfi. Ran 23 ga Agusta, 1963, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana ta waya da Shugaba Kennedy ta kan tauraron Syncom 2, ta hanyar wani jirgin ruwan Amurka mai suna Kingsport da ke tsaye a tashar jiragen ruwa ta Ikko, karo na fari ke nan da shugabannin gwamnati biyu suka zanta ta tauraron ɗan'adam. A 2017 ma wani ɗan ƙaramin tauraro da bai fi gwangwanin madara girma ba, wanda Jami'ar Fasaha ta Akure ta sa hannu wajen ƙera shi tare da Japanawa, daga cikin ita wannan tasha da ke wucewa bayan magariba aka sake shi. Kano da Ikko suna cikin labarin tun farkonsa. Abin takaici shi ne a 1962 baƙi ne ke riƙe da na'urorin, 'yan gari suna bayan waya suna leƙe, kuma bayan shekara fiye da 60 yaron Fagge ko na Agege bai matsa daga bayan wayar nan sosai ba.

Akwai cikas, ba a musu. Samaniyar Ikko da Fatakwal ba ta da kirki ga mai wannan aiki: damina doguwa ce, hadari ba ya ƙarewa, ga hayaƙin janareta da hasken fitilu. Bugu da ƙari, ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya ba su samun wucewar tashar a kai a kai kamar Turai, kuma duhu na saurin rufewa bayan faɗuwar rana, saboda haka damar ba ta da yawa. Amma tashar tana da haske ƙwarai, fitilun birni ba su ɓoye ta, kuma tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hazo akan sami darare masu kyau. Wanda ke zuwa gida ganin dangi kuwa ya fi kowa sa'a, don samaniyar ƙauyen Katsina ko Gumel bayan kaka, kafin hunturu ya turnuƙe, Bature zai biya kuɗin jirgi ya same ta. Ga kuma tashar ƙasar Sin, Tiangong, wadda aka fara harba ɓangarorinta a 2021, ita ma tana ratsa samaniyar Nijeriya, ko da yake ba ta kai waccan girma da haske ba.

Cikas na biyu ya fi na yanayi ciwo. Baƙo a garin mutane, ya fito da dare da wani dogon bututu ya saita shi sama, kowa ya san irin kallon da za a yi masa da irin sunan da za a kira shi kafin ya buɗe baki. Ɗan Arewa a Kurmi bai bukatar a yi masa bayanin wannan. Don haka bai kamata a yi abin a ɓoye ko a ɗaiɗaiku ba. A filin makaranta ya dace a yi shi, da sanin shugaban makaranta da Sarkin Hausawa da masu unguwa, a gayyato maƙwabta Yarabawa da Ibo su ma su sa ido, har ɗan sandan da ke kan titi a ce ya zo ya leƙa. Mutumin da ya ga duwatsun wata da idonsa ta cikin bututun, da wuya gobe ya ce bindiga ce.

Wajen kuɗi kuma, madubi mai santimita 20 irin wanda ake turawa da hannu, da shi da sabon babur ɗin acaba farashinsu ba shi da nisa da juna. Ga mutum ɗaya da yawa ne, ga ƙungiyar 'yan kasuwar da ke yanka shanu a bikin naɗin shugabanta ba kome ba ne, kuma ba ya shan mai, ba ya cin wuta, in an kiyaye shi daga ƙura da laima sai ya shekara 20 yana aiki. Kafin a kai ga sayensa ma akwai abin yi. Lokutan wucewar tashar a kowane gari kyauta ake samunsu a waya, ta manhajar Spot the Station ta hukumar NASA ko ta Heavens-Above. Wayar da aka jingina da dutse aka bar idonta a buɗe na 'yan daƙiƙoƙi za ta ɗauko tashar kamar farin zare a sama. Yara su fara da rubuta lokacin da ta fito da kusurwar da ta bi da inda ta dushe, su gwada da abin da aka yi hasashe. Da irin wannan littafi yaran Kettering suka fara.

Gargaɗi guda wanda ba wasa a cikinsa: kada kowa ya kuskura ya kwaikwayi Legault ya juya madubi wajen rana. Shi yana rufe bakin madubinsa da wani marfi na musamman mai tace haske, wanda aka yi don wannan aiki. In babu shi, madubi yana tattara zafin rana wuri ɗaya ya ƙone ido nan take, kuma makantar ba ta da magani. Baƙin tabarau ko gilashin da aka shafa wa hayaƙi ba su tsare kome. Duk makarantar da ta sayi madubi, da rana a kulle shi a ofis, mabuɗi a hannun malami ɗaya.

Lokaci kuma ba ya jira. Masu tashar sun shirya yin aiki da ita zuwa 2030, bayan haka a sauko da ita a hankali ta ƙone a iska, ragowar ta faɗa can tsakiyar teku nesa da mutane, kuma tun a watan Yuni na 2024 hukumar NASA ta ba kamfanin SpaceX kwangilar ƙera kumbon da zai ingizo ta. Yaron da ke aji ɗaya na ƙaramar sakandare a bana, kafin ya gama makaranta mai yiwuwa an daina ganinta. Ƙungiyar da ke da niyya, sai ta sa maganar a taronta na wata mai zuwa, ta nemi malamin kimiyya ɗaya da zai riƙe amanar kayan, a yi odar madubin tun yanzu don ya iso kafin ruwa ya ɗauke.